Lisansin da Ke Bangon Shagon Lawali

Yayana Lawali tela ne a kasuwar Wadata, kuma ya shekara bakwai yana ɗinki a ƙarƙashin takardar gama jami'a mai ɗauke da sunansa, alhali bai taɓa zama a aji ba ko na wuni ɗaya. Ba satarta ya yi ba, ba kuma saye ba. Kada a ce ina kare shi don ɗan'uwana ne. Ni ce ta farko da ke da dalilin jin haushinsa, domin saura ƙiris takardar nan ta hana ni shiga jami'a.

Abin ya faro ne a ƙauyenmu na gefen Tasawa, tun ba a haife ni ba. A zamanin ba wanda ke marmarin lakwal, wato makarantar boko. Ɗan aiken mai gari ne ke bi gida-gida da takarda, kowane gida a kira sunan yaro guda, a tafi da shi. A gidanmu sunan Lawali aka kira, don shi ne babba. Shi kuwa ya riga ya iya riƙon hauya, ya iya kora sa a bakin rijiya. Babanmu Ɗanjimma ya dubi gonarsa, ya dubi yaron, ya ga asara. Sai ya kamo ƙanen Lawali, wato Kabiru, wanda a lokacin ba abin da ya iya sai kuka da cin ƙasa, ya wanke masa fuska, ya ce da shi, "In mushe, malamin lakwal, ya ce Lawali, kai ka amsa."

Kabiru ya amsa. Ya yi ta amsawa har shekara goma sha bakwai, daga lakwal ɗin ƙauye zuwa lise, wato sakandare, daga lise zuwa jami'a a nan Yamai, inda aka ba shi lisansi a kan ilimin ƙasa da taswira. A kan takardar an rubuta Lawali Ɗanjimma da manyan baƙaƙe. Sunan Kabiru dai bai taɓa shiga kowane littafin gwamnati ba.

Shi kuwa mai sunan na gaskiya, farin farko ne ya koro shi. Da shanun babanmu suka mutu, ya naɗe tabarmarsa ya hau kamiyo zuwa Yamai, ya koyi ɗinki a wajen wani Bazabarme a unguwar Maourey, ya auri Tabawa, ya riƙe Kabiru a ɗakinsa duk tsawon karatunsa. Daga baya ya aika aka kawo masa ni, autarsu Sa'adatu, ya sa ni lakwal. Ni da sunana na shiga, don ba wanda ke buƙatar aronsa. Da gwamnatin soja ta tura Kabiru koyarwa can N'Gigmi, ƙarshen ƙasa, sai ya bar takardarsa a wajen Lawali saboda tsoron gara. Lawali ya kai aka sa mata gilashi da katako mai ruwan zinariya, ya kafa ƙusa a saman keken ɗinkinsa, ya rataye ta.

Abin da zan shaide shi da shi, bai taɓa buɗe baki ya ce shi ya yi karatun ba. In baƙo ya kawo ɗinki ya ɗaga kai ya tambaya, sai Lawali ya ci gaba da taka keke, ya ce, "Karanta mana, kai da ka iya." Baƙo ya karanta sunan, ya dubi tela, ya gyara zama. Daga nan ba ya ƙara gardama a kan tsawon hannun riga. 'Yan layinsu duk sun san gaskiya, amma suka laƙaba masa Lisansi, shi kuma yana amsawa da fara'a. Ma'aunin mutane a ka yake riƙe shi. Mutum zai shekara biyu bai zo ba, Lawali ya dube shi sau ɗaya ya ce cikinsa ya ƙaru da yatsa uku, kuma haka ɗin ne.

Duniyar Lawali gaba ɗaya a kan 'yan'uwantaka take tafiya, kuma ban ga laifinsa ba, don haka ya same ta. Bayan gobarar babbar kasuwa, da aka kwaso su zuwa Wadata, ya samu rumfa ne saboda maigidansa na da ƙane a cikin masu rabo. Mai koyon sana'a ba a tambayarsa abin da ya iya, sai dai a ce, "Kai ƙanen wa ne?" Ko layin karɓar jar dawar agaji, in naka ne ke riƙe da kwanon awo, sai ka ga awonka ya yi tozo. Saboda haka da na ci bak, jarrabawar gama lise, a shekarar da kogi ya daina gudu har yara ke ƙwallo a tsakiyarsa, Lawali bai ko yi shakka ba cewa jami'a ma rumfa ce babba.

Wanda ya ƙara masa ƙarfi shi ne abokinsa Maman, mai sayar da burodi. Maman ya taɓa kai burodi ɗakin cin abincin ɗalibai har wata biyu, tun daga nan ya zama masanin jami'a na dukan layin teloli. Ina zaune ina sa maɓalli a wata riga na ji shi yana cewa, "Can ma sai da naka, Lisansi. Akwai wani babban littahi. In ɗiya ta zo sai a buɗa, in an ga sunan gidansu a ce wagga 'yar gida ce, a ba ta kujerar gaba. Wadda ba ta da kowa kuwa sai a sa takardarta ƙarƙashi."

Na ce, "Baba Maman, kai ka ga littafin?"

Ya ce, "Na ga ɗakin da ake aje shi."

Ni abin da aka gaya mana a lise mai sauƙi ne. Ka haɗa dosiye, wato hotuna huɗu, takardar haihuwa, takardar bak, da takardar neman shiga mai tambur, wato kan sarki, ka kai biro, ofishin jami'a ke nan, kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Juma'ar ƙarshen wata. Wanda ya wuce lokacin sai baɗi. A shekara irin wannan kuwa, da ƙauyenmu kaf ya watse, gidan Lawali ke ciyar da baƙi tara, ban san ko baɗi za ta same ni a Yamai ba. Na haɗa komai tun saura mako uku. Wuri ɗaya ya rage, inda waliyyi zai sa hannu. Na kai masa a shago na ce ya dangwala yatsa. Ya dubi Maman, ya dubi takardar bango, ya ce ba yanzu ba. Ya karɓe dosiyen duka, ya kai gida ya kulle a akwatin ƙarfe, ya rataya makullin a wuyansa.

"Ba za ki tahi gidan manya hannu biyu ba kamar marainiya," in ji shi. "Kina da wa wanda ya yi karatu can. Sai an san ke ƙanwar wa ce."

Ya sa na rubuta wa Kabiru wasiƙa ya zo ya yi magana, aka ba wani direba. Bayan kwana goma sha ɗaya amsa ta dawo, layi uku: a kai dosiye kawai, ba ruwansu da shi, a gaida Tabawa. Na karanta masa sau biyu, ina murna magana ta ƙare. Lawali ya girgiza kai ya ce boko ya cinye wa yaron nan zumunci. Sannan ya tsura wa takardar bango ido.

"To, ai ba sunanshi ba ne a jiki," ya ce. "Sunan wa ke jiki?"

Kwana uku ya ajiye ɗinkin mutane yana ɗinka wa kansa kostim, riga da wando irin na manyan ma'aikata. Yadin ragowar labulen wani otal ne, ruwan toka, mai kauri. Yadin ciki ya gagara, sai ya wanke buhunan jar dawar agaji guda biyu ya yi shafi da su, ya ce ai ba wanda ke leƙa cikin rigar mutum. Ya sayi tabarau a faifan wani mai talla, ba tare da ya tambayi na mene ne ba. Da ya sa, ƙasa ta zame masa gangare, yana tafiya yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Tabawa ta shiga madafa ta toshe baki da gefen zane. Ya sa na koya masa Faransanci, amma ya ce kada na wahalar da shi, kalma uku sun isa babban mutum. Ya zaɓi bonjur, da wi, wato i, da egzakteman, wato haka yake daidai.

Ran Litinin, saura kwana huɗu, muka hau taksi muka ƙetare gada zuwa wajen Lamorde, inda jami'a take. Sai da muka sauka na lura ba dosiye a hannunsa, sai ƙullin goro. Na tambaye shi. Ya dube ni ta saman tabarau kamar na yi saɓo. A tarbiyyar Lawali, wanda ya faɗi buƙatarsa a zuwan farko ba shi da kunya. Sai ka je ka yi gaisuwa ka komo, ka sake zuwa ka yi gaisuwa, sai mai gida da kansa ya ce, "Lafiya dai?" Haka ya samu mata, haka ya samu rumfa, bai ga dalilin da zai sa jami'a ta bambanta ba.

A bakin ƙofa akwai motar jandarma da ke tsaye tun rikicin ɗalibai, Lawali ya yi musu bonjur daga nesa. Sannan ya durƙusa gaban mai gadi, wani tsoho Bazabarme, ya miƙa masa goro. Suka gaisa a kan iyali, da zafi, da kogi, da ruwan da ya ƙi sauka. Tsohon ya ce fofo, sannun Zabarmawa, ya fi sau goma. Ɗalibai na ta wuce mu da dosiyoyinsu a hammata, suna shiga suna fitowa hannu wofi, ba wanda ya tare su. Da aka gama gaisuwa Lawali ya miƙe ya ce mu koma.

Na ce, "Yaya, mi muka yi ke nan?"

Ya ce, "Mun buɗa ƙofa."

Ƙofar dai a buɗe muka same ta.

Ran Talata muka gaida palanto, ɗan aiken biro, wanda ya karɓi goro ya jefa aljihu bai ko tambayi sunanmu ba. Ran Laraba Lawali ya ce yau sai babba. Muka tsaya a inuwar baranda har wani mutum mai babbar riga ya fito daga biro, yana kaɗa tarin makullai. Lawali ya tare shi ya cire takalmi. Mutumin ya ji daɗi ƙwarai, ya tsaya aka yi ta gaisuwa, har ya yi mana addu'a. Sai da zai tafi ya ɗauko jakar kayan aikinsa a bayan ƙofa, ya ce in muna da fanka da ta lalace a gida mu neme shi, shi ma ta biron nan ya zo dubawa, amma sai an kawo wani ƙarfe daga Kwatano. A cikin taksi Lawali ya ce ba a raina kowa, mai gyaran fanka ya fi kowa shiga ɗakin manya.

Ran Alhamis ya ce a huta, kada a ga kamar mun matsu. A nan haƙurina ya ƙare. Na jira ya shiga wanka na lalube aljihunansa, ashe da makullin yake wanka. Na ɗauko taɓarya zan fasa akwatin, Tabawa ta riƙe ni, ta ce kwanonin aurenta na ciki. Da ya fito na tsaya gabansa a tsakar gida, gaban baƙinmu na ƙauye, na ce masa shi bai san komai ba game da karatu, ko harafin farko na sunan da yake taƙama da shi bai sani ba. Ya gyara tawul a kafaɗa ya shiga ɗaki. Na yi shekaru ina jin kunyar wannan magana, kuma har yau in na tuna ta sai na ji ba daɗi. Amma a ranar ban ji komai ba sai tsoro da haushi.

Ran Juma'a ya buɗe akwati da kansa. Ya sa kostim, ya sa tabarau, ya biya ta shago ya sauko da takardar bango, gilashi da katako da komai. Ƙarfe tara muka fita, amma a bakin gada soja sun tsayar da motoci saboda jerin kamiyoyin agaji da ke wucewa. Muka jira har rana ta yi sama, sannan muka sauka muka taka da ƙafa. Yana gaba, takarda a hammata ɗaya, dosiye a ɗaya, yana ɗaga ƙafa sama-sama, gumi ya jiƙa labulen otal har ya canja launi. A ƙasan gada mutane na ƙetare kogi da jakunansu a kan busasshen yashi, sun ma fi mu sauri.

Ƙarfe goma sha ɗaya muka isa. Layi ya kai mutum arba'in, duk masu zuwa ranar ƙarshe irinmu. Na ruga na tsaya a baya. Lawali ya kamo hannuna ya ce tsohon ɗalibi ba ya bin layi. Palanto, da ya tuna goron Talata, ya buɗe mana ƙofa, layi ya ɗauki tsaki. Iyakar amfanin da gaisuwar kwana uku ta yi mana ke nan, ta jawo mana tsanar mutum arba'in.

Mai karɓar dosiye wata dattijuwa ce, Madam Zeinabou, mutuniyar Damagaram, tana zaune a bakin taga tana karɓa ta nan, saboda haka duk abin da aka faɗa a ɗakin 'yan layi suna ji. Fankar sama ba ta motsi. Lawali ya jingina takardarsa a kan teburinta ya ce bonjur. Ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaye shi da Faransanci ko shi yana ganin ya fi waɗannan da ke tsaye a rana ne.

"Egzakteman," in ji Lawali.

Wani ɗalibi a bakin taga ya shaƙe da dariya. Ni na rasa inda zan sa fuskata. Madam ta ajiye alƙalami ta koma Hausa.

"Malam, mi ke tahe da kai?"

Ko a wannan hali sai da na ga fuskarsa ta yi haske, don ga shi mai gida ta tambaya da kanta, kamar yadda ya ce za a yi. Ya gyara murya ya ce wannan ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gidansu ba baƙo ba ne a nan, ga shaida. In an buɗe babban littafi za a ga sunan. Yana roƙon a dube ta da idon 'yar gida.

"Wane littahi?"

"Wanda ake aje sunayen gidaje."

"Shekarata goma sha biyu a kujerar ga, ban taɓa ganinshi ba," in ji Madam. "Ko gidanku duka nan suka yi karatu, har da kakarku, masu zaɓe maki suke dubawa. Ɗiya ta ci, ta shiga. Ba ta ci ba, ko wanta ne ke koyarwa sai ta koma gida. Ku bi layi."

Zafi ya riga ya gama da Lawali. Kafin ya juya ya tuɓe rigar kostim ya rataya a hannu, ciki a waje. Ga hoton hannaye biyu suna musafaha, ga manyan baƙaƙen da kowane mai cin jar dawa ya haddace kamanninsu, kyauta ce ba ta sayarwa ba. Layi ya kwashe da dariya tun daga taga har bakin bishiya. Wani ya tambaya ko tiya nawa ce a ciki. Lawali ya bi su da kallo yana murmushi, don ya ɗauka murnar ganin tsohon ɗalibi suke.

Muka koma can ƙarshe, bayan waɗanda da suke bayana. Na yi ta kallon inuwar baranda tana janyewa. Mu ne na ƙarshe da muka isa taga, saura minti takwas, wasu ɗaliban da suka gama kuma suka ƙi tafiya, suna jiran su ga ƙarshen mai buhu.

Madam ta buɗe dosiyena tana dubawa ɗaya-ɗaya. Da ta ga makin bak ta ɗaga kai ta dube ni. Sai ta kai shafin ƙarshe ta tsaya.

"Waliyyi bai cika nashi ba. Suna, da sana'a, da unguwa, sannan sa hannu. In babu wanga ba ni karɓa." Ta turo takardar ta taga, ta ɗora alƙalami a kai. "Bismilla, mai lisansi. Amma ka sani, dosiyen da aka samu ƙarya a ciki soke shi ake."

Lawali ya ɗauki alƙalamin. Ya riƙe shi yadda yake riƙe allin zana yadi. Ya kai shi kan takarda, ya ɗaga, ya sake kaiwa. Na ce a hankali bari na rubuta masa, Madam ta ce ɗaliba ba ta cika wa waliyyinta. Mai karatu ya rubuta da hannunsa, wanda bai yi karatu ba ya faɗa, ita ta rubuta masa ya sa yatsa, hanya biyu ce kawai. Ɗaliban nan suka matso. Ina jin ƙarar agogon bangon biro. A lokacin na tabbata karatuna ya tafi, domin na san yayana, ya gwammace ya kwana da yunwa da a yi masa dariya.

Ya ajiye alƙalamin. Ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya murtsuke ido. Sannan ya yi magana da muryarsa ta kasuwa, wadda ake ji daga layin teloli har layin masu tumatir.

"Madam, ni ban yi lakwal ba. Takardar ga ta ƙanena ce, da sunana ya yi karatu. Ni tela ne. In akwai tawadar yatsa a ba ni."

Na jira dariya, ba ta zo ba. Wanda ya yi tambayar tiya ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalminsa. Madam ta jawo aljihun tebur ta fito da ɗan kwalin tawada, wanda da gani ya sha aiki.

"Kai aka ɓoye, ko kai aka musanya?" ta tambaye shi.

"Musanya."

"Wana a rumbu aka ɓoye shi, kwana biyu, har ya cinye rabin damin gero. Rabin waɗanda ke tsaye nan, in ka bincika gidajensu haka ne. Faɗi sunanka."

Ya faɗa, ta rubuta. Ya faɗi sana'a, ya faɗi unguwa. Ta kama babban yatsansa ta danna a tawada, ta danna a takarda, sau biyu, don shafin kashi biyu ne. Ta buga hatimi, ta yage rabi ta miƙo mana, ta jawo taga ta rufe. Daga masallacin Lamorde aka fara kiran salla.

An ɗauke ni, amma wannan sai bayan wata biyu aka kafe sunaye. Da makina na shiga, kamar kowa, ciki har da wata yarinya daga Tawa wadda ba ta san kowa ba a Yamai sai direban da ya kawo ta. Na sha gaya wa Lawali haka. Har ya tsufa yana cewa goron Litinin ne ya yi aiki, Maman kuma na cewa an duba littafin a ɓoye. Duk wanda ya tambaye ni ko samun wa ko ya da suka yi jami'a na taimakon mutum wajen shiga, amsata ita ce a'a, kuma in bai yi hankali ba ma ya makara.

A ranar dai, da muka fito, ya zauna a gindin wata bishiyar dogon yaro ya jingina takardar Kabiru a jikinta, fuskarta na kallon kututture. Na zauna kusa da shi. Ina ta neman yadda zan ba shi haƙurin maganar jiya. Ya miƙo mini rabin shafin da Madam ta ba mu.

"Karanta mini."

Na karanta sunana, da lambar dosiye, da kwanan wata.

"Ba nan ba. Ƙasa, inda yatsan yake."

Na ce, "Waliyyi, Lawali Ɗanjimma. Sana'a, tela. Unguwa, Wadata."

Ya sa na maimaita. Sannan ya karɓa ya daɗe yana kallonta, a juye ma ya riƙe ta, ban gyara masa ba.

"Sa'a," ya ce, "yau ne karon hwarko da aka rubuta sunan ga a takarda, kuma ni ake nuhi."